Wa ke da wane fayil? Raba alhakin kod tsakanin rukunoni

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu rukuni uku ne a wurin aikinmu: masu fuskar manhaja, masu ɓangaren biyan kuɗi, da masu kula da sabar. Kod ɗinmu duka a rumbu ɗaya yake a GitHub. Kwanan baya wani ya taɓa fayil ɗin lissafin kuɗi, abokin zamansa ya amince, aka shigar da gyaran. Masu ɓangaren ba su sani ba sai da kwastomomi suka fara kira. Yaya za mu raba fayiloli ta yadda kowa zai san nasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da kuke nema akwai shi tun 2017, lokacin da GitHub, dandalin intanet da kuke ajiye kod ɗinku, ya kawo fayil mai suna CODEOWNERS, dabarar da ya aro daga masu aikin Chromium, manhajar shiga intanet da aka gina Chrome a kanta. Rubutu ne kawai: kowane layi na ɗauke da hanyar fayil ko folda, sai sunan mai ita. Ana ajiye shi a cikin folda .github, ko a tushen rumbun (wato ba a cikin wata folda ba), ko a cikin folda docs. Idan akwai fiye da ɗaya, GitHub na dubawa a wannan jeri, ya ɗauki na farko da ya samu. Naku zai iya zama haka:

*            @kamfani/manya
/fuska/      @kamfani/masu-fuska
/biya/       @kamfani/masu-kudi
/.github/    @kamfani/masu-sabar

Daga nan, duk wanda ya turo gyara da ya taɓa /biya/, za a aika wa masu kuɗi buƙatar dubawa kai tsaye.

Sai dai ka kula, fayil ɗin shi kaɗai ba ya hana komai, sanarwa kawai yake yi. Sai kun shiga saitin kare babban reshe, wato ainihin kwafin kod ɗin da ake shigar da gyare-gyare a ciki, kun kunna sharaɗin cewa dole mai fayil ya amince kafin a shigar da gyara. In ba haka ba, abin da ya same ku zai sake faruwa, bambancin kawai a wannan karon saƙo ya je akwatin wani bai buɗe ba.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne jerin layukan. Layi na ƙarshe da ya dace da fayil shi ne ke aiki, na sama duk sun faɗi. Shi ya sa tauraron nan mai nufin "komai" yake zama a can sama. In ka sauko da shi ƙasa, ya haɗiye sauran. A ce gobe masu sabar suka ƙara layin *.sql (wato duk fayil da sunansa ya ƙare da .sql) a ƙarshe don su riƙa ganin duk wani canji na rumbun bayanai. Daga ranar, fayil kamar /biya/haraji.sql ya bar hannun masu kuɗi, kuma ba wanda zai gaya musu. Idan kuna son ɓangarorin biyu su gani, sai ku rubuta sunayensu a layi ɗaya. Amma ko nan, amincewar ɗaya daga ciki ta wadatar, GitHub ba zai jira na biyun ba. GitLab, wani dandali irin GitHub, shi ne ya ba da damar raba fayil ɗin sashe-sashe, kowane sashe da tasa amincewar, har a faɗi adadin mutanen da ake so.

Rubutun ya yi kama da na .gitignore, fayil ɗin da ke lissafa abubuwan da ba a so a ajiye a rumbu, amma ba ɗaya suke ba: alamar ! ta cirewa ba ta aiki a nan, babban baƙi da ƙarami kuma ba ɗaya ba ne. Rukunin da kuka ambata dole ya kasance yana da izinin rubutu a rumbun, in babu, tamkar ba a rubuta shi ba.

Wannan duk aikin yini guda ne. Mai wuyar ita ce yanke wa ke da me. Ni ma'aunina ɗaya ne: idan wannan fayil ya lalace da tsakar dare, wa za a tasa daga barci? To shi ne mai shi, ko da ba shi ya fara rubuta shi ba. Kada ku bi tarihin wanda ya fi yawan taɓa fayil, sau da yawa mutumin ya koma wani aiki tuni. Kuma ku rubuta sunan rukuni, ku bar sunan mutum. Mutum yana tafiya hutu, yana rashin lafiya, yana ajiye aiki, gyaran kowa ya tsaya cak yana jiransa. GitHub na iya raba dubawa tsakanin 'yan rukuni bi da bi, ko gwargwadon nauyin da ke kan kowa.

Za ku ci karo da folda irin ta kayan haɗin gwiwa, wadda kowa ke amfani da ita. Kamar rijiyar unguwa take: kowa na ɗiba, ranar da guga ya faɗa ciki ba mai shiga. Kada ku jera rukunonin uku a kanta don neman zaman lafiya. Ku ɗora wa ɗaya. Idan kuma kuka tarar fayil guda rukuni biyu na jayayya a kansa kullum, yawanci aiki biyu aka cusa a ciki, raba shi ya fi sauƙi a kan zaman sulhu. Tun 1968 masanin kwamfuta Melvin Conway ya lura cewa tsarin manhaja kan ɗauko siffar yadda masu yin ta ke sadarwa, don haka in foldodinku ba su bi rabon rukunoninku ba, CODEOWNERS zai yi tsawo ya cika da keɓe-keɓe.

A gaya wa kowa tun farko cewa mallakar nan ba katanga ba ce. Mai fuska na da damar gyara kuskure a /biya/, masu kuɗi dubawa ce tasu, kuma ku yanke wa'adin da ba za ta wuce ba, misali yinin aiki ɗaya. Rukunin da ke riƙe gyaran mutane mako guda zai sa a fara neman hanyar zagaye shi.

Layin /.github/ da na sa a misalin kuwa, da gangan ne. In dai a nan kuka ajiye CODEOWNERS, shi ma ya samu mai shi ke nan, ba wanda zai goge sunan masu kuɗi a ɓoye sannan ya wuce da nasa gyaran.