Yadda aikin masu gabatar da shirye-shirye yake a rediyon cikin teku na Birtaniya

Malam, ka tambayi yadda masu gabatar da shiri suke aiki a gidajen rediyon nan marasa lasisi da suka riƙa watsa shiri daga jiragen ruwa, da kuma inda suka ƙare.

Asalin abin shi ne, a farkon shekarun 1960 BBC ce kaɗai ke da izinin watsa shirin rediyo a Birtaniya, kuma an ƙayyade mata sa'o'in da za ta sa faifan kiɗa. Matasa na son waƙoƙin zamani, ba sa samu. Sai Ronan O'Rahilly ya buɗe Radio Caroline a watan Maris na 1964, a jirgin da ya tsaya can gaba da mil uku daga gaɓa, inda dokar ƙasar ba ta kai ba. A matsakaicin zango ake kama irin waɗannan gidajen rediyo, kuɗinsu kuwa daga talla.

Aikin ba wasa ba ne. Galibi mutum kan yi mako biyu a teku, mako guda a gida, wani ƙaramin jirgi ke kawo abinci, ruwan sha, man janareto, sababbin faifai da wasiƙun masu sauraro. Idan teku ta yi haushi, jirgin nan ba ya zuwa, ko wa'adinka ya cika sai haƙuri. Igiyar ruwa na sa allurar garmaho tsalle daga kan faifai, shi ya sa sukan ɗora mata kwabo ta yi nauyi. Doguwar eriya kuma takan ƙara wa jirgi tangaɗi. A Janairun 1966 sarƙar da ke riƙe Mi Amigo, ɗaya daga cikin jiragen Caroline, ta tsinke, guguwa ta kai shi gaɓar garin Frinton a Ingila.

Abin da ya raba gardama shi ne dokar Agustan 1967, wadda ta haramta wa ɗan Birtaniya yi musu aiki, ko kai musu kaya, ko ba su talla. Radio London, wani gidan rediyon na cikin teku, ta rufe ranar 14 ga watan. Cikin masu gabatar da shiri, Johnnie Walker ya zaɓi zama a Caroline. Su Tony Blackburn da John Peel suka koma BBC Radio 1, wadda aka buɗe ranar 30 ga Satumba, Blackburn ne ma ya gabatar da shirinta na farko. A ganina wannan shaida ce cewa hukuma ta san gwanintarsu. Caroline dai talla ta yanke mata, bashi ya taru, a Maris 1968 aka ja jiragenta biyu zuwa Amsterdam.