Tambaya da Amsa: Me ke ƙarar da siririn mazarin Hawayi?

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce, na ga hoton wani ƙwaro kamar mazari amma siriri sosai, ja da baƙi, wai a tsibiran Hawayi kaɗai ake samunshi kuma wai ya kusa ƙarewa. Abinda ya ɗaure min kai shine, wurin da ke da daji da ruwa ko'ina me zai kashe ƙwaro? Ko sare itatuwa ne?

AMSA: Wa'alaikissalam Malama, sannu da karatu. Sare daji yana ciki amma gaskiya ba shine babban mai laifi ba, babban mai laifin wani ɗan kifi ne da bai kai tsawon yatsa ba, kuma mutane ne suka kai shi da hannunsu.

Shi dai wannan ƙwaro ɗan uwan mazari ne, in ya sauka haɗe fukafukansa yake a bayansa, mazari kuwa a shimfiɗe yake barin nasa, sannan idanunsa a ware suke ɗaya nan ɗaya can. Mutanen Hawayi suna ce masa pinapinao, masana kuma sun sa danginsa a ƙarƙashin sunan Megalagrion, kala sama da 20 ne kuma babu su a ko'ina a duniya sai can. Daga yadda kika kwatanta ina ga Megalagrion xanthomelas kika gani, namijin ne mai jan jiki da baƙi.

Toh ga inda gizo ke saƙa. Wannan mai fukafukan da kika gani ƙarshen rayuwarshi kenan, yawancin kwanakinsa a cikin ruwa yake yinsu. Macen takan tsaga jikin ciyawar ruwa ta zuba ƙwai, ɗan ya fito ba fiffike, da wasu abubuwa uku kamar ganye a wutsiyarsa da yake numfashi da su, yana laɓe in ƙaramin ƙwaro ya gifta sai ya harbo leɓensa na ƙasa ya cafke. Shekaru aru-aru a haka suke ba mai damunsu sosai, don kifayen asali na rafukan Hawayi yawancinsu a ƙasan ruwa suke kiwo.

Sai sauro ya shiga tsibiran ta jirgin ruwa wajen 1826, ya addabi mutane, a 1905 aka ɗebo kifin Gambusia daga Texas aka zuba a ruwaye don ya cinye 'ya'yan sauro. Shi kuwa kifi ina ruwansa da tantancewa, duk abinda ya motsa a ruwa abinci ne, 'ya'yan pinapinao kuma basu san gudu ko ɓuya daga irin wannan maharbi ba tunda kakanninsu basu taɓa haɗuwa da shi ba. Abin haushin ma su kansu 'ya'yan pinapinao suna cin 'ya'yan sauron. Daga baya aka ƙara da ƙananan kifayen ado da mutane ke juyewa a rafi in sun gaji da kiwonsu, ga karkatar da rafuka da akai zuwa gonakin rake, ga aladun daji masu tone bakin ruwa.

A da ƙwaron nan har lambunan gidaje a Honolulu ana ganinshi, amma a tsibirin Oahu, inda birnin Honolulu yake, ya ɓace har aka cire rai, sai a shekarun 1990 aka gano ragowarsu a wani ɗan guntun rafi cikin harabar asibitin sojoji na Tripler inda kifin bai kai ba, kuma wallahi da tiyo ake sakar wa wurin ruwa don kar ya ƙafe. A 2016 hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta sa shi a jerin masu fuskantar ƙarewa ƙarƙashin dokar kare irin waɗannan halittu ta 1973, kafin shi an sa 'yan uwansa biyu a 2010 da uku a 2012. Yanzu ana rainon 'ya'yan a ɗakin bincike ana sakinsu a ruwan da babu kifi, ni dai a ganina in ba a fara kawar da kifin ba duk sakin da za a yi ciyar da shi kawai ake.

Wasu cikin dangin sun ɗan tsira saboda tun asali ba a rafi suke haihuwa ba, akwai wanda ɗansa ke girma a ɗan ruwan da ke taruwa a gindin ganyen wasu tsirrai, akwai kuma Megalagrion oahuense da ɗansa ke rayuwa cikin danshin ganyen da ya zube a ƙasa, kinga nan kifi bai isa ba.

TAMBAYA: Malam yana cizo ko harbi?

AMSA: A'a ɗan uwa, ba shi da ƙari ko dafi, doguwar wutsiyar nan cikinsa ce kawai. Ƙananan ƙwari yake kamawa, ba ruwansa da mutum.