Wane littafi zan fara wa yarona?

Tambaya: Malam, ɗana ɗan shekara 9 ne. Ya iya haɗa baƙi, amma da ya ga littafi sai hamma, waya kawai yake so. Yayarsa kuwa mai shekara 15 ba ta rabuwa da littattafan soyayya. Wane littafi zan fara masa? Ita kuma in hana ta ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya raya mana su. Kada ki miƙa masa littafi ki ce "je ka karanta", don a wurinsa wannan horo ne. Ke za ki riƙa karanta masa bayan sallar isha'i, lokacin da a da kakanni ke yin tatsuniya.

Ki fara da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi na ɗaya, wanda ya fito a 1937. Ki lura da yadda aka gina shi. Sarki ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci don a fitar da ɗan sarki Musa daga gida, aku kuma ya yi ta riƙe shi da labari dare bayan dare har gari ya waye. To, dabarar akun nan za ki ara. Idan labari ya kai inda yaron ya zuba miki ido yana cewa "sai kuma me?", ki rufe littafin ki ce barci kike ji, ki ajiye shi inda hannunsa zai kai. Wata rana za ki tarar da shi a zaure yana bin layi da yatsa, yana tuntuɓe a kan kalmomi. Kada ki gyara masa kowane kuskure, ki bar shi ya ji daɗin abin tukuna.

In ya saba, Ruwan Bagaja ne na gaba, ɗaya daga littattafan gasar rubutun Hausa da wani Bature, Rupert East, ya shirya a 1933. Yaro ba ya jure ganin Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna yi wa juna ƙeta bai yi dariya ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ki jinkirta shi sai ya kai 13 ko 14. Labarin bauta ne, da uwar da ta ratsa hamada tana neman ɗanta, kuma yana da nauyi. Masu cewa littafin Hausa zai ɓata masa Turanci, ni ban yarda da su ba. Wanda ya ɗanɗani daɗin labari da harshen da yake mafarki da shi, shi ne gobe zai nemi na wani harshen da kansa.

Ita kuma yayar, kada ki ƙwace. In kin hana, za ta koma yi a ɓoye cikin waya, inda ake yaɗa wasu labaran da batsa ta yi musu yawa, ba mai tacewa. Littattafan soyayyar da suka bunƙasa a Kano tun shekarun 1980 su suka sa mata da yawa suka riƙe karatun boko bayan sun bar makaranta. Ki karɓi ɗaya daga nata ki karanta, ki san abin da ke ciki. Sannan ki nemo mata Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, labarin Rabi da miji ya kora da 'ya'ya tara saboda amarya. In ta gama, ki tambaye ta, da ita ce Rabi, me za ta yi?