Kafin ka ce fim ya yi ko bai yi ba

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da nake dawo maka da sharhinka duk sa'ad da ka kawo shi ba shekara, ba sunan mai ɗaukar hoto, ba inda aka haska fim ɗin. Ka ce masu karatu ba ruwansu da wannan, su dai su ji fim ya yi ko bai yi ba. Mai karatun yau kam haka yake. Amma akwai wanda zai nemi rubutunka bayan shekara talatin, lokacin da wataƙila fim ɗin kansa ya ɓace, kuma shi ma haƙƙinsa na wuyanka. Mutumin da na fi ganin ya gane wannan a sana'armu shi ne Paulin Soumanou Vieyra.

An haife shi a 1925 a Porto-Novo, ƙasar Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau. Yana ɗan shekara goma aka tura shi karatu Faransa. A 1952 ya shiga IDHEC, babbar makarantar koyon fim ta Faris, kuma shi ne na farko daga Afirka kudu da Sahara da ya yi karatu a cikinta. To a lokacin akwai dokar Laval ta 1934, wadda ta hana ɗaukar fim a ƙasashen da Faransa ke mulka a Afirka sai da izinin hukuma. Shi da abokansa, ciki har da Mamadou Sarr, ba su sami izinin ba, sai suka juya kyamara kan 'yan Afirka mazauna Faris. Fim ɗinsu na 1955 ke nan, Afrique-sur-Seine, minti ashirin da 'yan kai.

Daga baya ya zauna a Dakar, aka damƙa masa sashen labaran majigi na gwamnatin Senegal. Ya ɗauki bukukuwan samun 'yanci, ya bi Shugaba Senghor tafiye-tafiye. Gajeren fim ɗinsa kan kokawar gargajiya ta Senegal, Lamb, ya je bikin finafinai na Cannes a Faransa a 1964. Da marubuci ɗan Senegal Ousmane Sembène ya dawo daga koyon fim a Mosko, Vieyra ya tallafa masa wajen fim ɗinsa Borom Sarret, daga baya kuma ya kula da shirin wasu manyan finafinansa. Yana cikin waɗanda suka kafa FEPACI, ƙungiyar masu shirya fim ta Afirka.

Duk wannan sharar fage ce. Ka dubi halin da finafinan ke ciki a shekarun 1960. Gidajen sinima na ƙasashen renon Faransa mafi yawansu suna hannun kamfanoni biyu, COMACICO da SECMA, su kuwa finafinan Amurka da Faransa da Indiya suke kawowa. Ɗan Afirka zai yi fim da guminsa, a nuna shi a wani biki a Turai, a mayar da shi gwangwani, mutanen garinsu ba su gan shi ba. Kwafinsa ma bai fi ɗaya ko biyu ba. In ba a rubuta ba, wa zai san an yi shi? Vieyra ya ɗauki wannan nauyi. Ya riƙa rubutu a mujallar Présence Africaine, ya fitar da littafi kan Sembène a 1972, sannan a 1975 ya fitar da tarihin fim na Afirka tun daga farko har zuwa 1973. Ƙasa bayan ƙasa ya bi, darakta bayan darakta, da sunan fim da shekararsa. Makwabtanmu na Nijar suna ciki, irin su Moustapha Alassane da Oumarou Ganda, wanda ya fara lashe babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu, a 1972. Har yau duk mai binciken wancan zamani sai ya bi ta kansa.

Abin da ke burge ni, ɗana, shi ne ya san aikin daga ciki. Ya san a lokacin sai an aika fim Faris a wanke, darakta ba ya ganin abin da ya ɗauka sai bayan an tashi daga aiki. Saboda haka in ya ga wata fitowa da haske ya gaza, ya san dalilin da ba a sake ta ba. Sanin dalili ba ya hana ka faɗin cewa hasken ya gaza. Yana hana ka ɗora wa jarumi laifin da na rashin kuɗi ne, ko ka yabi darakta kan abin da mai tace hoto ya ceto. Ka ga ke nan sunayen da nake sa ka rubutawa, da su ake yin adalci a hukunci.

Ya ci gaba da aiki har ƙarshe. Dogon fim ɗinsa guda ɗaya ya fito a 1981, ya yi digirin digirgir a ƙarƙashin Jean Rouch, masanin fim ɗan Faransa, a 1982, ya wallafa tarihin fim na Senegal a 1983. Ya rasu a Faris a 1987. Takardunsa da hotunansa yanzu suna ajiye a Jami'ar Indiana ta Amurka, abin da ke sa ni murna da takaici lokaci guda: an adana su, amma ɗalibin Dakar sai ya tsallaka teku.

Mu ma nan matsalar ba baƙuwa ba ce. Nemi kaset ɗin fim ɗin Hausa na shekarun 1990, ka ga nawa ne suke da shekara a jikin kwali, nawa ne kuma ba su yi fumfuna ba.

Don haka fim ɗin da ka kalla jiya, koma ka sake kallo. Kada ka tashi sai sunaye sun gama wucewa. Rubuta furodusa, mai ɗaukar hoto, mai tacewa, mai sauti, wanda ya rubuta labari. Tambayi ɗaya daga cikinsu garin da aka yi lokeshan da watan da aka yi, ka kuma tabbatar da yadda kowa ke rubuta sunansa. Rubuta ranar da aka fara haskawa da wurin, da fitowar da 'yan kallo suka yi dariya da wadda suka fara duba waya. Bayan nan ka faɗi ra'ayinka yadda kake so, ko da ya saɓa da nawa. Ka kawo mini ranar Alhamis.