Hubbaren Shehi a Bakin Gonar Inabi

Tambaya: Malam, na ga hoton wani hubbare mai koren ƙubba a Afirka ta Kudu, aka ce a bakin gonar da ake yin giyar inabi yake. Ta yaya kabarin malamin Musulunci ya kasance a irin wannan wuri? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, gonar da kike nufi ita ce Klein Constantia, kusa da birnin Cape Town, hubbaren kuwa na Shaihu Abdurrahman Matebe Shah ne, wanda Turawan Holan suka kamo daga tsibirin Sumatra suka kawo shi nan a shekarar 1668. Saboda haka Shehin ya riga gonar zuwa, domin sai a 1685 aka bai wa Simon van der Stel, shugaban mulkin Holan a yankin, filin da ya kira Constantia. Daga baya aka rarraba filin, har aka yanki Klein Constantia daga cikinsa a 1823.

Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, amma tarihin wurin ya cancanci a san shi, musamman da yake bayi ne suka nome shi, waɗanda aka kwaso daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indonesiya, kuma ba a soke bauta a can ba sai 1834. Da guminsu aka yi giyar nan mai zaƙi da ta shiga fadojin Turai, wadda Napoleon, tsohon sarkin Faransa, ya riƙa sha lokacin da yake tsare a tsibirin Saint Helena. A ganina, duk mai ba da labarin gonar ya tsallake waɗannan bayin Allah bai yi adalci ba.

Cutar ganye da wani ƙwaro mai cin saiwar inabi sun durƙusar da sana'ar a ƙarni na 19, sai da iyalin Jooste suka sayi gonar a 1980 sannan aka farfaɗo da ita, inabin 1986 ya ba da giyar farko mai suna Vin de Constance. Ana yin ta ne da inabin Muscat de Frontignan, wanda ake bari a jikin itacensa har ya yamushe ya kusa zama zabibi, sannan a tsinke shi da hannu, a matse, a bar ruwan ya tsima, a ajiye shi shekaru a gangunan katako. Musulmin Cape Town kuwa har yau suna zuwa ziyarar hubbaren.