Yanke tallafin Turawa: su wa suka ji a jikinsu?

Wa'alaikumus salam Malam. Tambayarka ita ce, tunda Amurka ta rufe USAID, hukumarta ta ba ƙasashen waje tallafi, Ingila ma ta zabge nata tallafin, ashe ba gara haka ba, tunda dama ba talaka ke ganin kuɗin ba, 'yan ƙungiyoyi ne ke shiga manyan motoci suna kwana a otal. Na ga har wasu sun ce Allah ya raka taki gona. To bari nima in sa baki, don na daɗe ina aikin kwantiragi a harkar lafiya matakin farko tsakanin Zariya, Giwa, Soba da Kudan, kuma kusan duk da irin waɗannan kuɗaɗen ake biyanmu.

Maganar ɓarna gaskiya ce, ba zan kare kowa ba. Na sha zama a taron bita a Kaduna inda za a kwashe mu a kai otal, a ci kaza, a raba jaka da biro, a sa hannu a karɓi alawus, abin da aka koyar kuma bai wuce wanda aka koya mana bara ba. Akwai ma'aikatan da ba ka ganinsu a asibiti sai ka ji ance suna wajen bita, daga wannan su faɗa wancan. Kuma tun daga can ma ba duka kuɗin ke fitowa ba. Abincin agajin Amurka yawanci a hannun manomansu ake saye, doka kuma ta ce a ɗauko aƙalla rabinsa a jiragen ruwansu. Ingila kuwa a 2023 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da ta kira tallafin ƙasashen waje a cikin gida ta kashe shi, wajen saukar da masu neman mafaka a otal-otal. Don haka wanda ya ce ba don Allah suke yi ba, akwai siyasa da kasuwanci a ciki, ban musa masa ba.

Amma fa Malam da aka tashi yankewa ba a tsaya tantance kaza da magani ba, gaba ɗaya aka datse. Ran 20 ga Janairun 2025 Trump ya sa hannu a dakatar da tallafi na kwana 90, zuwa Maris sakataren harkokin wajensa Marco Rubio ya ce an soke kashi 83 cikin 100 na ayyukan USAID, ran 1 ga Yuli aka rufe hukumar kwata-kwata, hukumar da take tun 1961 zamanin Kennedy. Mu nan ƙasa saƙo kawai aka turo a waya cewa kowa ya tsaya da aiki. Manyan da ke ofis a Abuja suna da takardu da hanya, da yawa sun samu wani wajen. Wanda ya rasa na yi shi ne yaron da ke ɗaukar samfurin majina a babur daga ƙauye ya kai inda injin gwajin tibi yake, da matar da ke bin masu ƙanjamau har gida idan sun yi fashin karɓar magani, da mai shigar da bayanai a kwamfuta. Su ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba fansho ba komai. Daga baya an ce an ɗage dakatarwar a kan magungunan ceton rai, to amma magani na sito, wa zai kai shi, wa zai rubuta?

Wanda bai taɓa zuwa ranar awon tamowa ba ba zai gane ba. Akwai wani ɗan tef mai kala uku da muke zagaya dantsen yaro da shi, kore, rawaya, ja. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, wannan yaron na cikin haɗari. Za ka ga uwa ta zuba wa tef ɗin ido, ta riga ta san ma'anar kalar tun kafin ka buɗe baki. Sai a ba shi abincin nan na leda da ake haɗawa da gyaɗa, madara, sukari da mai, a gwada ko zai iya ci a gabanmu. Katan ɗaya leda 150 ne, kusan abin da yaro ɗaya ke buƙata ke nan ya farfaɗo cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma wallahi za ka ga yaron da aka kawo ba ya iya kuka ya dawo yana fizgar mayafin uwarsa. Eh na sani, ana ganin ledar nan a kasuwa ana sayarwa, wani lokaci ma'aikaci ne ya karkatar, wani lokaci uwar ce ta sayar don ta sayo garin da sauran yaran za su ci. Amma mafi yawanta cikin yara take shiga, na gani da idona. Ran da babu, abin da za ka ce wa uwa shi ne ta je ta dama kunun gyaɗa da waken suya, ita kuma ta kalle ka don da tana da kuɗin gyaɗar da ba ta zo ba.

Maƙwabtanmu Katsina, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinsu saboda tamowa a wata shidan farko na 2025. A arewa maso gabas kuma hukumar abinci ta duniya WFP ta yi gargaɗi a Yulin shekarar cewa za ta tsayar da ciyar da mutum miliyan 1.3 saboda kuɗi sun ƙare. Ba yanke tallafi kaɗai ya jawo ba, ga 'yan bindiga sun hana noma ga tsadar abinci, amma ya zo a daidai lokacin da ba a so.

Ni inda raina ke ɓaci ba Amurka ba ce. Kuɗinsu ne, kuma duk hayaniyar nan kusan kashi 1 cikin 100 na kasafinsu ne. Ingila ma haka, daga kashi 0.7 na kuɗin shigar ƙasa ta dawo 0.5 a 2021, a Fabrairun 2025 firaministansu Starmer ya ce za a koma 0.3 zuwa 2027 don a ƙara wa soja. Abin da ya faru kamar magidanci ne da maƙwabci ya daɗe yana ciyar masa da yara har ya manta nauyinsa ne. A Abuja fa aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 na kasafi, gwamnatin tarayya har yau tana yawo wajen kashi 5. Wasu jihohi har da tamu sukan rubuta adadi mai kyau a takarda, amma rubutawa daban sakin kuɗi daban, tambayi duk wani mai kula da ƙaramin asibiti. Sau nawa mai tallafi zai kawo nasa kason, a jira na jiha shiru har shekara ta ƙare. Gidan sauro, maganin zazzaɓin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina, firij mai sola na ajiye rigakafi, maganin ƙanjamau tun da Bush ya kafa PEPFAR, shirin Amurka na yaƙi da cutar, a 2003, kaso mai tsoka duk daga waje ne. Da abin ya faru majalisar tarayyarmu ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin 2025 don cike giɓin lafiya. Ashe dai ana iyawa.

Zancen cewa USAID ke ɗaukar nauyin Boko Haram, wani ɗan majalisar Amurka ne Scott Perry ya faɗa a Fabrairun 2025, bai kawo hujja ba, jakadansu a Najeriya kuma ya ƙaryata. Ni dai abin da ya ratsa ta hannuna magani ne da fom.

Wani abu da mutane ba sa lura da shi, ba duk allon aiki da ka gani da tambarin waje ne kyauta ba. Shirin AGILE na karatun 'yan mata da ake gyara makarantu da shi a Kaduna, rancen Bankin Duniya ne, dala miliyan 500 aka fara da shi a 2020, mai sauƙin ruwa ne amma biya za a yi. Wannan ba a yanke shi ba. Irinsa ya kamata mu fi sa wa ido, in an ce an gyara aji a unguwarku ku je ku leƙa rufin da tagogin, ku tambayi kwamitin makaranta nawa aka turo.

In kuma kana da ɗan'uwa da ke kan maganin tibi ko na ƙanjamau, don Allah kar ya ji jita-jita ya zauna a gida ko ya fara tsallake kwana don wai ya yi tattali, hakan ne ke sa ƙwayar cutar ta daina jin magani. Ya ɗauki katinsa ya je a ranar da aka rubuta masa, in ya tarar mai bin sawunsa na da ba ya nan, ya nemi mai kula da sashen ya karɓi lambarsa.