Ribar kamfanin inshora da kamashon da aka jinkirta lissafinsa

Tambaya: Ina sayar da atamfa a Kantin Kwari. Ɗan wana, wanda ejan ne a wani kamfanin inshora, ya ce in zuba naira miliyan 15 a hannun jarin kamfaninsu, wai ribarsu ta ninka. Ya nuna mini rahoton shekara, na gani da idona. In saya?

Amsa: Alhaji, lamba ka gani a takarda, kuma wanda ya nuna maka ita a kamfanin yake cin abinci. Kuskurenka ke nan. Ban ce yaron yana neman cutarka ba, amma ejan sayarwa ya iya, ba duba lissafi ba.

Ranar da kamfanin inshora ya samu sabon abokin ciniki, ranar yake kashe kuɗi mafi yawa a kansa: kamashon ejan, la'adar dillali, gwajin likita idan inshorar rai ce. Kuɗin ya fita nan take, amma akanta ba ya cire shi duka daga ribar bana. Raba shi yake a kan shekarun yarjejeniyar. A ce an biya kamashon naira miliyan 1 a kan yarjejeniyar shekara 10. Dubu 100 kawai za a cire bana, saura dubu 900 su jira shekarun gaba, alhali ejan ya riga ya kashe abinsa.

Ba maguɗi ba ne, ƙa'idar lissafi ta yarda da haka. Amma ya dogara ne kan abokin cinikin ya ci gaba da biyan kuɗin inshorarsa. Idan ya daina a shekara ta biyu, abin da ya rage ya koma asara. Shi ya sa kamfanin da ke tara sababbin mutane da gudu zai iya nuna riba mai kyau, asusunsa kuwa yana ƙonewa. Na san wani mai hatsi da ya sayar da fili ya shiga irin wannan a kan maganar surukinsa. Da mutane suka daina biya, ribar ta ɓace, ya nemi mai sayen hannun jarin ya rasa, zumunci ma ya yi tsami.

Tun da IFRS 17, ƙa'idar lissafin kamfanonin inshora ta ƙasa da ƙasa, ta fara aiki a Janairun 2023, wannan kamasho da aka jinkirta lissafinsa ba ya cika fitowa a layinsa shi kaɗai. An cusa shi cikin lissafin yarjejeniyoyin, sai an bi bayanan ƙarshen rahoto ake ganinsa, kuma nan ne ɗan wanka bai buɗe maka ba.

Ka biya akantan da ba ruwansa da kamfanin ya duba rahoton shekara 3. Ya gaya maka nawa ne tsabar kuɗin da ke shiga, da yawan masu daina biya. Ya kuma duba ko kamfanin ya cika jarin da dokar inshora ta 2025 ta gindaya, naira biliyan 10 ga masu inshorar rai. Kafin ka ji amsarsa, bar miliyan 15 ɗinka a cikin atamfa.